Safa a Baibai

Bakanike ya sassauta notin da ke riƙe da wuƙar injin, ya sauke ta ƙasa ɗan kaɗan, ya sake ɗaurewa tamau. Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu, sifana a hannu, ya yi wa matar da ke zaune gaban injin nuni da haɓa.

"Sa ɗaya mu gani."

Ƙarar injuna ta haɗiye maganar, amma matar ta gane, don a ɗakin nan da kallon baki ake jin magana. Ita kaɗai ce muryarta ke keta hayaniyar, shi ya sa duk masana'antar ke kiranta Rediyo. Ta zari safa daga tulin da ke gefenta. Daga sashen saƙa safar ke zuwa da bakinta a buɗe kamar hannun riga, a nan ake juya ta a ɗinke wajen yatsu. Ta saƙala ta a bakin injin, ya ja ta, wuƙa ta datse rarar, allura ta bi ta rufe, safar ta faɗo cikin kwando.

Bakanike ya ɗauka, ya bi ɗinkin da babban yatsansa daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ya saba yi tun yana da baƙin gashi.

"Sumul," in ji shi.

"Ai ɗazu ma sumul ka ce, Baba. Kullum ma sumul. Wai me kake nema a cikin injin nan tun da farar safiya? Lafiyarsa ƙalau. Ni ce nan ba lafiya, bayana ya ƙage, ba wanda ya zo da sifana ya duba ni."

Bai yi dariya ba, kuma da wuya ya bar tsokanar Rediyo ta wuce bai rama ba. Ya sake durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin injin.

Gaskiyar magana, ba injin ne ya kawo shi aiki yau ba, koro shi aka yi. Matarsa tana kwance a asibiti da ciwo a ƙafar hagu. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, ya fara da kashe mata jin ƙafafu, har ta kai ko ƙusa ta taka sai ta ga jini za ta sani. Abu ɗaya ya bar mata, sanyi. Dare da rana ƙafafunta kamar an tsoma su a randa, don haka ba ta rabuwa da safa. Tunda kuma sunkuyawa ta fara yi mata wuya, shi yake sa mata, safe da yamma. Ya durƙusa gaban kujerarta ya ce, "Ranki ya daɗe, a miƙo ƙafa." Ita kuma ta ce, "Mai Safa, a yi a hankali, ba inji ba ce."

Tun suna da ƙuruciya take kiransa Mai Safa, kuma tun da ya aure ta ba ta taɓa sa safar da ba ta bi ta injin da ya gyara ba. Da wannan yake cika baki ko a gaban waye. Shi ya sa ranar da ya dawo daga aiki ya tarar ta sa safa a baibai, ɗinkin a waje, ya riƙe baki.

"Matar mai safa da safa a baibai? Ki rufa min asiri, kada maƙwabta su gani!"

Ya cire, ya juya, ya mayar mata daidai. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai kuma ta yi dariya ta ce idonta ne ya fara tsufa. Abin ya yi ta maimaituwa har ya zama abin wasa a gidan. Kullum ya dawo sai ya gyara, kullum sai ya tsokane ta.

Ciwon ya fara ne da ɗan jan layi a saman yatsu. Ya zama ƙurji, ya fashe, ya ƙi warkewa. Bakanike ya ɗora wa takalmi laifi, ya tattara takalmanta ya zubar, ya sayo masu faɗi. Ciwo dai sai ci gaba yake, har aka ba ta gado. Jiya likitan, wani mai sanyin murya, ya ja shi gefe.

"Gobe za mu buɗe mu sake dubawa, Baba. In naman ya farfaɗo, mun gode Allah. In bai farfaɗo ba, sai dai mu haƙura da ƙafar don mu tsira da mai ƙafar. Ita kuma ta daman, a lallaɓa ta. Kada takalmi ya matse ta, kada ɗinkin safa ya goge ta."

"Ɗinkin safa?" Bakanike ya ɗaga murya har na gadon kusa suka waiwayo. "Likita, ni nake saita injin da ke ɗinka safar nan. Ka shafa ka ji, in ka ji tudu ka yanke min hannu."

Likitan ya dubi matar. Matar ta dubi silin.

Da gari ya waye ya kasa zama. Ya je taga, ya dawo, ya gyara mata matashi, ya sake komawa taga, har ta gaji.

"Mai Safa, don Allah tafi wajen injinanka. Kana sa min jiri. Ga Auta nan, in an yi wani abu za ta kira ka."

Auta ita ce 'yarsu ta ƙarshe, ita ke kwana da uwar tun da aka kwantar da ita. Ta raka shi har bakin ƙofa ta ce kada ya damu, likita ba zai zo ba sai rana ta yi. Ya fito da maganar likitan tana cin sa a rai. Ya ƙudurta sai ya kai musu safar da ko jariri ba zai ji ɗinkinta ba, su gani da idonsu. Shugaban sashe ya yi mamakin ganinsa, ya ji abin da ya kawo shi, ya ce ya ɗebi safa mai laushi ta auduga ko nawa yake so, injin Rediyo kuma nasa ne har ya gama.

Yanzu ga shi a durƙushe, ya rasa abin da zai gyara. Duk wadda ta faɗo kwando, yatsansa ya ce masa sumul.

Rediyo ta kashe injin ta sunkuyo.

"Baba, ba ka rama ba tun ɗazu, kuma idonka ya yi ja. Jikin Mama ne?"

Ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa ya gaya mata a taƙaice, har da maganar likita. Ya zata za ta taya shi faɗa. Sai ya ga Rediyo, wadda ko abinci take ci bakinta na magana, ta yi tsit. Ta sa hannu a kwando ta ɗauko safar da ya gama yabawa, ta miƙar da ɗinkin tsakanin yatsunta, ta kai bakinta ta goga shi a leɓenta na ƙasa. Ta ajiye ba ta dube shi ba.

"Me kike yi haka?"

"Haka nake dubawa."

"Da baki? Hannunki fa?"

"Hannu?" Ta buɗe masa tafukanta. "Baba, dubi yatsun nan. Zare ya cinye su tun tuni, ko kofin shayi mai zafi na ɗauka ba na ji. Dubi naka ma, sun fi nawa kanta. Mu matan layin nan duk da leɓe muke ji, leɓe ba ya yin kanta."

"To me kika ji?"

"Ɗinki ne mai kyau. Wallahi duk kasuwa ba wanda ya kai namu, ba a taɓa dawo mana da kaya ba."

"Ƙanwata, ba kasuwa na tambaye ki ba. Me kika ji?"

Ta miƙo masa safar.

Ya karɓa yana jin kunya, tsoho da shi zai sa safa a baki a gaban mata. Ya waiga hagu da dama, ya ɗaga ta ya goga a leɓensa.

Kai! Tudu ne, ba wani ɓoye-ɓoye. Ɗan siririn tudu mai kaushi, daga gefe zuwa gefe, da ɗan ƙulli a ƙarshe inda zaren ya tsaya. Ya sake shafawa da babban yatsa, sumul. Ya mayar leɓe, tudu. Ya dubi yatsan nan da ya yarda da shi fiye da idonsa, fatar ta yi kauri ta yi sheƙi kamar tafin takalmi.

"Me ya hana ku gaya min?"

"Me za mu ce, Baba? Kai ka koya mana aikin. Kuma ba laifi ba ne, mai lafiyar ƙafa in ya ji ta ɗan dame shi sai ya ja ta gefe, shi ke nan. Wa ya san akwai..." Ta haɗiye sauran.

Bai ji ƙarshen maganarta ba. Jan layin nan ne ya dawo masa, a saman yatsu, daga gefe zuwa gefe, daidai inda ɗinkin ke kwanciya. Shi da yatsan da ba ya ji ya duba ya ce ta yi, ita da ƙafar da ba ta ji ta sa ta ce ta yi. Sai kuma ya tuna da safar baibai, da yadda ta buɗe baki ta fasa magana, da yadda ta dubi silin jiya. Ashe ba ido ba ne. Ashe ta sani. Da hannunsa yake durƙusawa kullum ya juyar da ɗinkin ya mayar da shi kan ciwon, yana dariya, yana ce mata ranki ya daɗe.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. Baƙin ciki ya taso masa, ya ji kamar ya kwanta a ƙasan nan mai maiƙo ya yi ta ihu. Amma mutumin da ya tsufa a gindin inji hanya ɗaya ya sani ta yin kuka. Ya buɗe akwatin kayan aiki.

"Kunna."

Ya cire allurar ya sa mafi siriri. Ya aika aka kawo zare mai laushi wanda ake ajiyewa don safar jarirai. Ya sassauta abin da ke ɗame zaren, ya ƙara sauke wuƙar don kada ta bar rara da yawa. Ta farko ta fito, ya kai leɓe, tudun ya ragu amma yana nan. Ya ƙara sassautawa. Ta gaba ta fito lafiyayya a leɓe, sai dai da ya ja ta da hannu biyu ɗinkin ya yi baki ya warware. Ya ɗan ɗame, tudu ya dawo. Ya rage tazarar ɗinkin, ƙullin ƙarshe ya ƙara girma. Abin nan ya zama kamar ciniki da mai taurin kai, ka ba shi nan ya ƙwace can.

Rediyo tana sa safa, yana juya noti da ɗan abin da bai kai a ce an juya ba, yana gogawa a leɓe. Hannunsa duk baƙin mai, leɓen ya yi baƙi, daga baya ya yi ja, daga baya ya tsage. Da ya ga jini ya fara ɓata farar audugar sai ya koma leɓen sama. Matan layin suka riƙa satar kallonsa, ba wadda ta yi dariya. Aka buga ƙararrawar hutu, injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, mutane suka fita cin abinci. Rediyo ba ta motsa daga kujerarta ba, kuma wannan ne karo na farko da aka ga ta bar hutu ya wuce ta.

Can wata ta faɗo kwando. Ya ɗauka ya ja ta da ƙarfi, ɗinkin ya riƙe. Ya kai leɓe, ya bi daga gefe zuwa gefe, ya rasa inda ɗinkin yake. Ya miƙa wa Rediyo. Ta goga, ta sake gogawa, ta zaro ido.

"Baba, wannan ai kamar a haka aka saƙa ta. Tun da nake ban taɓa..."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Da injuna na aiki da ba zai ji ba. Auta ce.

"Baba." Muryarta kaɗai ta gaya masa. "Sun buɗe. Likita ya ce ba ta yi ba, ciwon ya fara hawa sama. Za su cire daga ƙasan gwiwa. An samu wuri a ɗakin tiyata, yanzu suke shirya ta. Baba, tana ta tambayar ka, ka zo yanzu."

"Ga ni nan. Ki ce mata ga ni nan."

Ya mayar da wayar aljihu, ya tsaya da safa ɗaya a hannu yana kallonta.

To, a masana'antar nan akwai abin da ya fi komai muni a idon Bakanike, wato safa ta fita ba 'yar'uwarta. Akwai wani kwando a lungu da shi da kansa ya raɗa wa suna kwandon gwauraye, nan ake jefa duk wadda ta rasa abokiya, kuma duk ma'aikacin da ya cika kai kaya can sai ya sha faɗa. Wannan ɗabi'a ta shiga jininsa har ba ya sanin yana yin ta. Kansa ya ɗauki zafi, hannunsa ne kawai ke tunani.

"Sa ɗayar."

"Baba, na ji abin da ta ce. Tafi!"

"Ba a kai wa mutum safa ɗaya. Sa, yanzu za ta fito."

Ta sa. Injin ya ja, ya kai tsakiya, siririn zaren ya tsinke. Ya sunkuya zai zura shi a allura, ido ya cika da ruwa, ramin allurar ya ɓace masa. Rediyo ta ture hannunsa ta zura. Suka sake sa wata, allurar ta daki wuƙar da ya sauke ƙasa sosai, ta karye ƙas. Ya zazzage akwati yana neman irinta.

"Don girman Allah, Baba, bar shi! Ni zan gama in kawo maka har asibitin."

"Saura kaɗan."

Haka ya yi ta cewa saura kaɗan, har aka dawo daga hutu, injuna suka tashi. Wayar ta yi ta motsi a aljihunsa bai ji ba. Da ta biyun ta faɗo ya goga a leɓe, ya haɗa ta da 'yar'uwarta, ya naɗe su tare yadda ake yi, ya fita da gudun da gwiwoyinsa suka yarda da shi.

Sai da ya zauna a cikin bas, an cusa shi tsakanin wani mai buhu da wata mai goyo, motar ta shiga cunkoso ta tsaya cik, sannan ya warware safar a kan cinyarsa. Fari tas, biyu, kai ɗaya, tsawo ɗaya. Ya dube su. Ya sake duban su. A nan ne hankalinsa ya dawo jikinsa, ya tambayi kansa ƙafa nawa zai tarar.

Wani sauti ya fito daga bakinsa, ba kuka ba, ba dariya ba. Mai goyon ta dube shi, ta ga tsoho da leɓe a fashe da hannu baƙi ƙirin yana rungume da safa.

"Baba, lafiya?"

Ya gyaɗa kai. Hawaye suka bi ta gemunsa suna ɗiga, ya ɗaga safar sama don kada su jiƙa ta.

A asibiti, gadon matarsa ya tarar an cire zanin an shimfiɗa sabo. Auta tana zaune a kan benci a barandar da ke kaiwa ɗakin tiyata, gyalen uwar a cinyarta. Da ta gan shi ta miƙe, ta dubi bakinsa, ta dubi abin da ke hannunsa.

"Sun shiga da ita?"

"Tun ɗazu. Ta roƙi nas ta ɗan dakata, nas ta dakata iya yadda za ta iya. Har aka tura ta idonta na kan ƙofa." Auta ta share fuska da gyalen. "Na yi ta kira, Baba. Ina ka tsaya?"

Ya buɗe hannu ya nuna mata.

Ya ga ɓacin rai ya taso mata, ya ga ta danne shi da ƙyar saboda shi ubanta ne. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Ta koma ta zauna, ta matsa masa wuri.

"Ta ce in ka zo in gaya maka kada ka yi gudu a kan matakala, gwiwarka."

Ana ta wucewa da marasa lafiya a kan gadon turawa, ƙafar gadon ɗaya tana ƙara, Bakanike ya ji a ransa cewa mai kawai take so.

"Auta, tun yaushe kuka sani?"

Ba ta tambaye shi me ba.

"Tun zuwanmu na farko. Nas ce ta ga layin ta ce a daina sa mai ɗinki, in kuma dole ne a riƙa sa ta a baibai."

"Kuka bar ni ina..."

"Na so in faɗa, ta hana ni. Har rantsuwa ta sa na yi. Ta ce abu ɗaya kake taƙama da shi a duniya, ba daga bakinta za ka ji an kushe shi ba. In ka fita aiki sai ta lallaɓa ta juya, in ka dawo sai ka mayar. Ta ce ai kwana ne kawai, ba tafiya take yi a cikin barci ba." Auta ta kama hannunsa mai baƙin mai. "Baba, likita ya ce ba safar kaɗai ba ce. Ciwon ne, jini ba ya isa ƙafar. Ko ba safa zai iya faruwa."

"Zai iya," in ji shi.

Rana ta yi sanyi kafin a bar su su gan ta. An mayar da ita gadonta, an ɗaura mata ruwa, fuskarta ta faɗa. Bargo ya rufe ta daga ƙirji. A dama ya yi tudu har ƙarshen gado, a hagu ya kwanta tun daga ƙasan gwiwa. Bakanike ya tsaya a bakin gadon ya kasa ƙarasawa.

Ta buɗe ido a hankali, ta lalubo shi.

"Mai Safa. Ka makara."

"Na makara."

"Me ya sami bakinka? Dambe kuka yi da injin?"

"Shi ya fara."

Ta so ta yi dariya, abin ya tsaya a murmushi. Ya matso ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi maganar da ya yi ta shiryawa a kan benci. Ta dubi leɓen da kyau, ta dubi farin abin da ke leƙowa daga aljihunsa, ta dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai.

"Bar shi," in ji ta. "Ba yau ba. Sanyi nake ji. Ka san abin mamaki? Ta hagun ce ma ta fi damuna da sanyin."

Auta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa.

Bakanike ya je wajen famfon da ke kusurwa ya wanke hannunsa da sabulu, ya sake wankewa, har maiƙon ya fita. Ya dawo ƙarshen gadon ya ɗaga bargon ta dama. Ƙafar tana nan, sanyi ƙalau, 'yar ƙarama a tafin hannunsa. Ya kai fuskarsa kusa ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. A samansu akwai ɗan layi, bai yi ja sosai ba, fatar ba ta fashe ba tukuna.

"Ranki ya daɗe," ya ce, muryar na karyewa, "a miƙo ƙafa."

"A yi a hankali. Ita kaɗai ta rage."

Ya zaro safa ɗaya daga aljihu. Ya miƙar da ɗinkin ya goga a leɓensa na sama, inda bai fashe ba. Babu tudu, babu ƙulli. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa fitar da aiki mai kyan wannan ba, ya kuma san ba zai sake ba. Ya riƙe ta jim kaɗan. Sannan ya zura hannu ciki har ƙarshe, ya kamo bakin, ya juyo ta, ɗinkin ya koma waje. Ya tattare ta ya sa a yatsun, ya ja a hankali ta wuce dunduniya, ya gyara.

Tana kallonsa ta ƙasan ido.

"Mai Safa, a baibai ka sa."

"Na gani."

"Maƙwabta za su ce matar mai safa ba ta iya sa safa ba."

"Su ce."

Ya ja bargon ya rufe ƙafar, ya soke gefensa ƙarƙashin katifa don kada iska ta shiga. Ɗayar safar tana aljihunsa, ya rasa inda zai kai ta. Ta miƙo hannun da ba a ɗaura wa ruwa ba, ya ba ta. Ta juya ta baibai da yatsunta a hankali, ta tura ta ƙarƙashin matashi, ta ce ta gobe ce in an wanke wannan.